Kafin Mu Shiga Ƙarƙashin Mota, Mu San Abin da Ya Riƙe Ta

Kaka ta yi, motoci sun shiga ƙauyuka suna kwasar hatsi da wake da gyaɗa zuwa kasuwannin Maradi da Damagaram, nan gaba kuma albasar Galmi za ta biyo baya. A wannan lokaci mota ba ta hutawa, mai ita kuma yana ƙyashin kai ta garaji don kada ta rasa lodin yini guda. Sai ya ce da yaronsa su duba ta a ƙofar gida da maraice. Babu laifi mutum ya gyara abinsa da hannunsa. Darasinmu ya shafi yadda ake ɗaga motar da yadda ake shiga ƙarƙashinta.

A wani rangadi da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci a jihar Maradi, mun isa wani ƙauye muka tarar aji bai zauna ba. Da muka tambaya, aka ce ɗaya daga cikin ɗalibai, saurayi yaron mota, yana kwance tun jiya. Sun ɗaga motar ubangidansa a kan rairayi, sun cire ƙafar baya, buhuna suna ciki ba a sauke ba. Ya shiga yana kwance wani noti da ya cije. Da ya ja da ƙarfi, motar ta gusa kaɗan, jak ya kwanta, ta sauko masa a ƙirji. Maza ne suka taru da taɓarya da azara suka ɗaga ta, aka jawo shi. Ya rayu, amma noman damina guda ya wuce shi. Mutanen gari suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara. Amma da muka je muka duba wurin, mun ga gindin jak ya nutse cikin rairayi kusan yatsa uku, kuma babu ko guntun dutse a gaban ƙafafun motar.

Nauyin da yake bisa kanmu

Mu yi ɗan lissafi, tunda mun koya. Buhun hatsi babba kilo 100 ne. Ƙaramar mota irin Peugeot 504 tana kai kilo 1200, wato buhu 12. Motar kaya irin Toyota Hilux, idan aka ɗora mata buhu 10, ta haura tan 2. Tsakanin cikin ƙaramar mota da ƙasa kuwa santimita 15 ne zuwa 20, alhali kaurin ƙirjin magidanci ya fi haka. Idan an cire ƙafa guda, tazarar ta ƙara raguwa. Ke nan idan ta faɗo, babu wurin da jikin mutum zai raɓa.

Yanzu mu dubi jak, wanda ake cewa kirik a garaji. Kan da yake tokare motar da shi bai fi kuɗin dala ashirin faɗi da yawa ba. A kan wannan ɗan wuri nauyin yake tsaye. Jak iri biyu muka fi gani. Akwai na murɗawa, wanda yake zuwa tare da mota. An ƙera shi don a sake taya a bakin hanya, mutum yana tsugune a gefe, babu komai nasa a ƙasa. Akwai kuma na mai, mai kama da kwalba. Wannan ya fi ƙarfi, shi ya sa mutane suka fi sakin jiki da shi. Sai dai abin da ya riƙe motar a cikinsa mai ne da ƴar roba da ta tare man. Roba tana tsufa, zafin rana da ƙura suna cin ta. Ran da ta saki, wani lokaci mota takan sauko sannu a hankali ba tare da mai aiki ya ji ba, wani lokaci kuma gaba ɗaya. Aikin jak ɗagawa ne kawai. Riƙewa aikin wani abu ne dabam, wanda za mu zo kansa.

A jikin kowane jak na kirki an rubuta nauyin da zai iya ɗauka: 2 T, ko 5 T, wato tan 2 ko tan 5. Ga wurin da karatunmu zai yi mana rana. Mu karanta lambar kafin mu ara jak ɗin maƙwabci.

Wurin tsayawa da tokare ƙafafu

Ƙasarmu ta rairayi ce, musamman wajen Dakoro da Mayayi da Tanut, jak kuwa ba ya shiri da rairayi. Mu nemi fako mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda babu gangare. Ƙasar da ta sha ruwan sama ba ta da amana, haka ma kwalta a tsakiyar zafin watan Afrilu, domin takan yi laushi. Ko ina ne, a shimfiɗa katako mai faɗi, mai kaurin santimita 5 ko fiye, a ɗora gindin jak a tsakiyarsa. A sauke kaya duka. A fitar da kowa daga cikin mota, a kashe inji, a zare makulli a sa aljihu.

Ga wani abu da direbobi da yawa ba su lura da shi ba. A yawancin motoci birkin hannu ƙafafun baya kaɗai yake kamawa. A motocin kaya da tsofaffin Peugeot, giya ma ƙafafun baya take riƙewa, domin su ne inji yake juyawa. To, idan muka ɗaga bayan motar, birki da giya duka sun tashi sama tare da ita. Ƙafafun gaba suna nan sake, ko akuya ce ta goga jikinta za su iya mirginawa. Don haka bayan an ja birkin hannu an sa giya ta ɗaya, wajibi ne a tokare ƙafafun da suka rage a ƙasa, gaba da baya, da guntun ice mai kusurwa ko dutse mai faɗin gindi. Shi ne direbobi suke kira kal ko weji. Dutse mai mulmulalle ba ya cikin lissafi.

Notin taya a sassauta su tun mota tana ƙasa, a ƙarasa kwancewa bayan ta tashi. Haka nan ɗaurin ƙarshe, sai ta sauka. Duk notin da yake bukatar a taka shi da ƙafa ko a sa masa dogon bututu, ba a yin kokawa da shi mota tana sama. Kan jak kuma a sa shi inda aka tanada, a jikin shasi ko ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya. Tsohuwar mota mai tsatsa a ƙwanƙwasa wurin tukuna, domin ruɓaɓɓen ƙarfe yakan ɓurma.

Abin da zai riƙe ta

A garaji mai tsari akwai ƙafafun ƙarfe masu gindi uku ko huɗu da ake tura wa mota bayan an ɗaga ta. Ana sa su biyu, dama da hagu, tsawonsu ɗaya, sannan a sassauta jak har nauyin ya zauna a kansu. Wanda yake da mota tana kawo masa kuɗi, ya kamata ya mallake su. Idan na ƙira ne, a duba kaurin ƙarfen da walda, kuma kada a maye gurbin fegin da yake riƙe su da ƙusa.

Idan babu su, ice mai ƙwari shi ne madadi. Guntayen kirya ko maɗaci da aka sassaƙe gefe huɗu, busassu, waɗanda gara ba ta taɓa ba. A kwantar da su biyu biyu, na sama ya gitta na ƙasa, kamar yadda ake gicciya itacen gindin rumbu. Kada a tsayar da ice a tsaye, domin yakan tsage ko ya tuntsure. Saboda wannan dalili turmin daka ma bai dace ba, ko da yake mun ga an yi, uwargida tana faɗa.

Abin da muke roƙon jama'a su bari shi ne tubalin siminti mai rami a ciki, da tubalin laka. Mutum yana ganin tubali ya ɗauki ginin soro, sai ya ce mota fa? A gini nauyi ya bazu ko'ina a jikinsa. A ƙarƙashin mota kuwa ƙarfe ne yake danna shi a wuri guda. Ice idan ya gaji yakan yi ƙara, ya ba mutum damar fita. Tubali ba ya sallama, rugujewa yake yi lokaci guda.

Tayar da aka cire kada a jingine ta a bango. A kwantar da ita ƙarƙashin shasi kusa da inda ake aiki, domin idan komai ya saki, ita za ta tare. A bar jak ma a wurinsa yana taɓa motar. Daga nan mutum ya tsaya a gefe, ya kama motar da hannu biyu ya girgiza ta sosai. Idan ta motsa, a sake shiri. Idan kayan tokarewa ba su samu ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi: a jira gobe a kai ta inda akwai ramin gyara. Amalanken shanu da aka cika da taki, wannan doka ta hau kansa.

Kada mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai. A samu babba ya tsaya kusa, ya kori yara da dabbobi, kuma ya san yadda ake harba jak. Da dare a yi amfani da tocila. Fitilar ƙwai da taba ba sa kusantar man fetur, tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda fuskarmu take. A bar salansa da baƙin mai su huce. Kada a tayar da inji cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari mai gargaɗi ba.

Idan ta riga ta faɗo

Wanda mota ta danne wa ƙirji ba ya iya jan numfashi, ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Saboda haka ɗaga motar ake fara yi. A sa wani jak, ko a taru da azara, ana ɗagawa ana cusa ice don kada ta koma. Kada a ja shi da ƙafa nauyi yana kansa. A birni a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Idan an fito da shi, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, kada wuya ko baya su lanƙwashe. Inda jini yake zuba a danna da tsumma mai tsabta. Kada a ba shi fura ko ruwa, wataƙila likita zai yi masa aiki. A wuce da shi asibiti kai tsaye, maɗori ya jira.

Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi. Saifa ko hanta sukan fashe jini ya zuba a ciki ba a gani. Alamunsa jiri, da zufa mai sanyi, da ƙishirwa, da ciki ya yi tauri. Naman da ya daɗe a matse kuma yana sakin wani abu cikin jini wanda yake toshe ƙoda. Ɗalibinmu da muka ambata, ranar da muka same shi fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, kuma ya ragu ƙwarai. Danginsa sun ɗauka shawara ce, suna shirin jiƙa masa sassaƙe. A motar rangadinmu muka kai shi asibiti, aka ɗaura masa ruwa kwana da kwanaki kafin fitsarin ya washe.