Darasi: Robar Kare Haƙora Wajen Wasa

A Amurka da Japan da Kuba ana wani wasa mai suna besbol. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya buge shi da kulki. Ƙwallon ƙarami ne, nauyinsa wajen giram 145, amma tauri gare shi kamar dutse. Gwanaye sukan jefa shi da gudun da ya wuce kilomita 140 a awa ɗaya. Akwai kuma softbol: ƙwallonsa ya fi girma, shi ma da tauri. In ya sami mutum a baki, leɓe ya tsage, haƙori ya karye ko ya fita. Saboda haka waɗansu ƴan wasa sukan sa wata roba a baki, ta rufe haƙoran sama.

Tana ƙara ƙarfi?

Masu sayar da ita sukan ce in ka cije ta, za ka fi jifa da bugu. An yi gwaje-gwaje, amma sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Kada ka saye ta don ƙarfi. Ƙarfi yana zuwa daga abinci mai kyau da barci da horo. Aikin robar shi ne ta rage zafin duka, kada ya taru a haƙori ɗaya.

Tana rage ƙwazo?

Wadda ba ta zauna daidai ba tana hana numfashi da magana. Wadda likitan haƙori ya auna bakinka ya yi maka, ba ta hana ka komai. Akwai mai araha, wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi, sannan a cije ta.

Ko ba ka taɓa ganin besbol ba, ai ka san dambe da ƙwallon ƙafa. Haɗarin ɗaya ne. Haƙorin babba in ya tafi, wani ba ya tsirowa. Rigakafi ya fi magani.

In haƙorin babba ya fita:
1. Ka riƙe shi ta kai, kada ka taɓa saiwar.
2. Ka ɗauraye shi kaɗan da ruwa mai tsabta, ban da gogewa.
3. Ka mayar da shi gurbinsa, ka cije tsumma mai tsabta.
4. In ya ƙi, ka sa shi cikin madara, kada ya bushe.
5. Ka isa asibiti kafin awa ɗaya.

Haƙorin yaro na fari kuwa ba a mayar da shi. A kai yaron dai a duba shi.

Tambayoyi:
Mene ne aikin robar?
Don me ake sa haƙorin cikin madara?