Gubar Dalma da Ƙananan Yara a Tsofaffin Gidajen Birni

Yawancinmu mutanen ƙauye ne, amma da wuya a sami gidan da ba shi da ɗan'uwa a birni. Bayan kaka magidanta sukan tafi cin rani Garwa, ko Marwa, ko Yawunde, ko Duwala, waɗansu har da iyali. Wata mace takan je jinya ko wankan jego gidan yayarta, ta yi wata biyu can da yaro a goye. Ɗakin da talaka yake iya kamawa haya a birni kuwa kusan kullum a tsohon gida yake, mai ƙofofi da tagogin da aka shafa wa fenti sau da yawa, wani bisa wani. A cikin wannan fenti akwai guba da ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta. Sunanta dalma.

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da taushi. Kun san ta: ita ce a cikin batirin mota, ita masunta suke ɗaura wa taru don ya nutse, ita maharba suke narkawa su yi harsashi. Masu yin fenti sun daɗe suna zuba ta a cikin fentin mai, domin tana sa launi ya fito, ya bushe da wuri, ya kuma jure ruwa. Ja da rawaya da ruwan lemo sun fi ɗaukarta, haka kuma jan fentin nan da masu walda suke fara shafa wa ƙarfe don hana tsatsa.

Jiki ba ya amfani da dalma ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a cikin jini da za a ce ba ya cutarwa.

Me ya sa yara ne suka fi shan wahala?

Ku dubi yaron da yake rarrafe. Hannunsa a ƙasa, daga ƙasa sai baki. Ya dafa bango ya miƙe, ya kama bakin taga ya ciza domin haƙori yana masa ƙaiƙayi. Ɓawon tsohon fenti mai dalma yana da ɗan zaƙi-zaƙi, saboda haka yaron da ya ɗanɗana sau ɗaya yakan koma ya ɓare da farce. Amma ba ɓawon da ake gani ne ya fi yin ɓarna ba, ƙura ce. Duk lokacin da aka buɗe taga ko aka rufe ƙofa, fenti yana gogar fenti, gari mai laushi yana zuba a dandaɓe. Can yaro yake wasa, can yake cin ƙosansa.

Idan babba da yaro suka haɗiye dalma daidai wa daida, hanjin yaron yakan tsotsi ninki huɗu ko biyar na abin da na babban zai tsotsa. Yaron da yake da yunwa ko ƙarancin jini ya fi haka ma, domin jikinsa yana neman sinadarin ƙarfe da na gina ƙashi, sai ya ɗauki dalma a madadinsu. Daga jini sai ta wuce ƙwaƙwalwa, wadda take tsakiyar girma a shekarun farko. Sauran kuma ta kwanta a ƙashi da haƙora, ta yi shekaru da yawa a can. Yarinyar da ta tara dalma tana ƙarama, ran da ta yi ciki dalmar takan fito daga ƙashinta ta shiga jikin jaririn. Don haka darasin nan na masu ciki ne kamar yadda yake na masu goyo.

A Amurka an hana sa dalma a fentin gida tun 1978, amma har yau ana samun yara da gubar a gidajen da aka gina kafin nan. A Faransa, a tsakiyar shekarun 1980, likitocin birnin Paris suka fara ganin yara da yawa da wannan cuta, galibinsu 'ya'yan baƙi daga Afirka ta Yamma da suke zaune a tsofaffin benaye. Da farko waɗansu sun ɗora laifi a kan al'adun iyayen. Da aka gwada bango da tagogi, sai aka ga fentin ne. A nan Kamaru, binciken da aka yi a 2011 ya nuna kusan biyu cikin uku na fentin da aka sayo a kasuwa suna da dalma fiye da kima, har aka sami wani da rabin nauyinsa dalma ce. A 2017 gwamnati ta hana yi da shigowa da sayar da fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Doka ce mai kyau, amma ba ta kankare abin da yake jikin bango tun kafin ta ba. Ba sai gida ya kai shekara hamsin ba. Wanda aka shafa wa fentin mai shekara goma sha biyar da suka wuce ma abin lura ne.

Alamun cutar

Abin da ya sa wannan cuta take da wuya shi ne, yawancin yaran da suke da ita ba su da wata alama. Yaro yana ci, yana wasa, amma dalma tana rage masa kaifin hankali a hankali. Sai ya shiga makaranta malam ya ce ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya. A gida a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa, alhali ba laifinsa ba ne.

Idan ta ƙaru, sai a ga ciwon ciki da taurin bayan gida, ƙin abinci, yawan kuka da fushi, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Wani yaron ya fara magana ko tafiya sai ya koma baya. Idan ta yi yawa ƙwarai, sai amai, da barcin da ba a iya tashinsa, da jijjiga, da suma. A nan ne mutane sukan ce iska ce ta buge shi, ko an kama kurwarsa, a ɓata kwana uku ana hayaƙi da rubutu da jiƙe-jiƙe. Mu ma a asibiti zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau muke fara nema, domin sun fi yawa kuma alamunsu ɗaya ne. Shi ya sa muke so ku gaya mana inda yaron ya zauna da sana'ar da ake yi a gidan, ko ba mu tambaya ba.

Abin da ya faru a Zamfara ta Nijeriya a 2010 ya isa misali. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ana kawo dutsen zinariya cikin gida a daka a niƙa, ba a san dutsen cike yake da dalma ba. Yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya yi. Agwagin garin ma sun mutu tun kafin nan, ba wanda ya kula. Kafin a shawo kan abin, yara fiye da 400 sun rasu. Sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Ba fenti ba ne a can, amma hanyar ɗaya ce: ƙura, hannu, baki.

In za ku kama ɗaki, ko kun riga kun shiga

Kafin ku biya kuɗin haya, ku durƙusa ku dubi ɗakin daga tsayin yaro. Ku duba bakin taga, da madogarar ƙofa, da ƙarafan taga, da gindin bango inda damshi yake kumbura fenti. Fentin da yake nan lafiya lau, bai tsage ba, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda yake ɓarewa ko yake barin gari a hannu in an shafa, shi ne abin tsoro. Na san sau da yawa ba zaɓi, ɗakin da kuɗi ya kai shi ake shiga, mai gida kuma ba ya son maganar gyara. Duk da haka akwai abin da uwa za ta iya yi a ranar farko ba tare da ta kashe ko dala ba: ta jawo akwati ko kwabet ta tare wurin da yake ɓarewa, ta kau da shimfiɗar yaro daga gindin taga, ta shimfiɗa masa tabarma mai tsabta ya zauna a kai.

Sai maganar shara, wadda a nan ne mata masu tsabta suke cutar da 'ya'yansu ba da sani ba. Tsintsiya a busasshen dandaɓe tana ta da ƙurar ne kawai, ta sauka a kan kwano da katifa. Ku yayyafa ruwa tukuna. Dandaɓen siminti da bakin taga a goge su da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu, aƙalla sau biyu a mako. Tsumman nan a ware shi, kada a goge kwano da shi, ruwan kuma a zuba a masai, ba a tsakar gida inda yara suke wasa ba. A wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci da kafin barci, a yanke masa farce. Abin da ya faɗi ƙasa kada a hure a miƙa masa.

Ranar gyara ita ce rana mafi haɗari. Mai fenti yakan zo da sanfefa ya goge tsohon fenti a bushe, wani ma ya ƙona shi da wuta. Ƙurar da irin wannan aiki yake tayarwa tana da yawa ƙwarai. Idan za a yi gyara, yara da mai ciki su bar gidan har a gama a wanke. A fitar da kwanuka da kayan shimfiɗa. A jiƙa bangon kafin a kankare, a shimfiɗa leda a ƙasa, a tattara ɓawon a ɗaure a kai inda yara da awaki ba sa zuwa, kada a ƙona. Sa'an nan a rufe da sabon shafe ko sabon fenti. Ku karanta jikin gwangwani, ku nemi wanda aka rubuta ba dalma. Fentin ruwa ya fi fentin mai aminci, farar ƙasa ta gargajiya kuwa ba a sa mata dalma. Dattawan ikilisiya da shugabannin makarantu su tuna da wannan in za a gyara ɗakin yara, ko bencina, ko lilo.

A tsohon gida mai famfo, ruwan da ya kwana a bututu a bar shi ya zuba na ɗan lokaci, a yi wanki da shi, kafin a ɗebi na sha. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma.

Waɗansu hanyoyin da ba na bango ba

Zan yi maganar kwalli, ko da yake na san kakanni ba za su ji daɗi ba. Dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a yi tozali, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 an gwada kwallin da aka kai wa wani jariri daga Nijeriya zuwa Amurka, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido, ya kai hannu baki, hawaye kuma yana gangara da shi ta hanci zuwa maƙogwaro. Kwalli ba ya ƙara wa jariri gani, ba ya wanke masa ido. Kada a sa masa a ido, kada a sa a cibiya.

Batirin mota da na sola da ya mutu kada ya zauna a tsakar gida, kada kuma a fasa shi ko a narka dalmarsa a murhun girki. A wata unguwa kusa da Dakar ta Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda wannan sana'a. Maigidan da yake aikin batir, ko walda, ko fenti, ko haƙar zinariya, ya tuɓe kayan aiki ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Kayan a wanke su dabam.

Tukwanen zubi da maƙera suke yi da tarkacen inji su ma an gwada su a Kamaru, an ga suna sakin dalma, musamman in an dafa abu mai tsami. Ba na cewa ku zubar da tukwanenku. Amma kunun tsamiya da zoɓo da miyar yakuwa kada su kwana a ciki, a juye a wani mazubi, kada kuma a goge cikin tukunyar da yashi. Masu ciki da suke kwaɗayin ƙasar nan da ake kira kalaba su zo a gwada jininsu, domin kwaɗayin ƙasa sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, ita kuma kalabar an sha samun dalma a cikinta.

Abinci yana taimako. Yaron da ya karya kumallo da safe ba ya tsotsar dalma kamar wanda cikinsa yake wayam. Ku ba shi wake, ƙwai, hanta in an samu, ƙananan kifi da ƙashinsu, zogale, miyar kuka, nono, da lemo ko gwaiba. Uwa ta ci gaba da ba da mama. Sai dai kada a ruɗe ku: madara da manja ba sa wanke gubar da ta riga ta shiga jini, ko da yake masu fenti da yawa sun gaskata haka.

A asibiti

Gwajin jini ne kaɗai yake nuna dalma, ba kuma kowane asibiti yake yin sa ba. Idan akwai dalili za mu gaya muku inda za a kai jinin. Idan sakamako ya kai 5 a ma'aunin da ake amfani da shi, to, sai a nemo inda gubar take fitowa a raba yaron da ita. Idan ya kai 45, ana ba da magani mai kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, na sha ko na allura, a ƙarƙashin kulawar likita. Maganin yana ceton rai, amma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa, ba ya kuma amfani idan yaron zai koma ɗakin da ya kwaso gubar. Idan aka sami yaro ɗaya da ita, ku kawo 'yan'uwansa da yaran maƙwabta da suke wasa tare, ko da lafiyarsu ƙalau. In za ku zo, ku ƙunso ɗan ɓawon fentin a leda, ko tandun kwallin, ku riƙo. Yaron da yake jijjiga ko ya ƙi farkawa kuwa, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a ɗura masa kome a baki, a kawo shi nan da nan, ko da tsakar dare ne.