Kafin ka sayi talabijin don wasan PlayStation

Mai gidan gem a Tsafe ko Bunguɗu, idan za ka shiga Gusau sayen talabijin, tafi da PlayStation ɗinka a jona a shagon. Kunna Game Mode, sa wasan ƙwallo, ka lura: kana dannawa ɗan wasan ya motsa nan take? Ƙwallo na barin inuwa a bayanta? Jinkirin da bai kai milisakan 20 ba ya yi. Idan ya haura 50, yara za su ɗora laifin kan pad. PS4 ba ta wuce 60Hz, don haka kada ka biya kuɗin 120Hz sai kana da PS5, talabijin ɗin kuma na da HDMI 2.1. Ka ware kuɗin sitabilaiza, ka san halin wutarmu.