Yanar Ido da Hawan Jinin Ido: Ina Bambancinsu?

Gani yana da zango uku. Da fari haske ya ratsa madubin ido, wanda ke bayan baƙin ido. Sa'an nan ya sauka a kan wani tantani da ke shimfiɗe a ƙuryar ido. Daga nan jijiyar gani ta kwashi saƙon ta kai wa ƙwaƙwalwa. Zangon da ciwo ya taɓa shi ke nuna irin illar da zai yi.

Yana tana kama madubin ido ne. Madubin nan garau yake kamar ruwan sama, amma da tsufa, ko ciwon sukari, ko bugu, sai ya yi gauri ya dusashe, mutum ya riƙa ganin kome kamar cikin hazo. Binciken da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa yana ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makantar waɗanda suka kai shekara 40. Amma tana da magani: likita yakan cire madubin da ya lalace ya sa na roba, gani ya dawo. Masu kwantar da yana da allura kuwa tura madubin suke yi cikin ido, sau da yawa kuma idon yakan mutu.

Hawan jinin ido, wato gilakoma, ya fi haɗari. Ba jini ne ke hawa ba. Ruwan da ido ke yi ne yake kasa tsiyayewa, matsinsa ya riƙa kashe jijiyar gani sannu a hankali. Yawanci ba zafi, ba ja. Ganin gefe ke fara tafiya, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Maganin ɗigawa ko aiki sai dai su tsare abin da ya saura. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40, musamman in akwai ciwon a danginsa, ya je a auna idonsa tun yana gani sarai.

Gwaji a aji: ɗalibi ya hura wa gilashi numfashi ya dubi allo ta cikinsa, ga misalin yana. Sa'an nan ya naɗe takarda kamar bututu, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ga gilakoma da ta yi nisa. In ya koma gida, sai ya bayyana wa iyaye da kakanni abin da ya gani.