Ƙaramar Tukunyar Gas a Gidajenmu na Batsari

'Ya'yana, musamman ku matan gida, ina ganin ƙaramar tukunyar gas ɗin nan, mai kilo 3 ko kilo 6 da ake ɗaura wa kan murhu a bisa, ta shiga gidaje da yawa daga Batsari har Safana. Na yi murna da zuwanta. Dajin Rugu da muka taso muna ɗebo itace a gefensa ya zama wurin da uwa ba ta aika ɗanta hankali kwance. A 2021 ma gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro. Gawayi ya yi tsada, lantarki kuwa ba a ɗora tukunya da sa ransa. Wanda ya baro ƙauyensu da dare ya fake a gari, wannan tukunyar ce zai iya ɗauka da hannu ɗaya ya dama wa yara koko.

Sai dai wuta ce, a bi ta da ladabi.

Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. In ta yi yoyo, ƙasa take kwanciya, daidai inda yaranmu ke barci a kan tabarma. Shi ya sa nake roƙonku kada tukunyar ta kwana a ɗakin barci. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan aka zuba mata shi domin hanci ya faɗakar da ku. In kun ji shi, a rufe kan, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da ita tsakar gida. Kada a ƙyasta ashana don neman inda ke yoyo, kada a taɓa makunnin lantarki. Ruwan sabulu ake shafawa a wuyanta; in kumfa ta taso, akwai yoyo; galibi robar ciki ce ta mutu, a canza ta.

Abin da ya fi damuna shi ne hunturu. Wasu kan rufe ɗaki ruf, su kunna ta suna jin ɗumi. Wutar da ba ta samun iska tana fitar da guba marar wari marar launi: ciwon kai, jiri, barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne. In ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunyar girki, kan murhun na son gyara.

Ku maza masu kai ta ɗuri, kada ku matsa wa mai sayarwa ya cika ta maƙil. Ana bar mata sarari ne saboda gas na kumbura da zafi, kun kuwa san ranar bazararmu. A ɗauko ta a tsaye, a ajiye ta a inuwa. Wadda ta yi tsatsa a gindi ko ta lotse, a haƙura da ita komai arharta. Babbar tukunyar tuwon gandu kuma ta fi ƙarfinta, za ta kife.

Don Allah, duk wadda ta iya, ta zaunar da maƙwabciyarta da ta sayi sabuwa ta nuna mata kafin ta fara kunnawa. Allah Ya tsare mu, Ya dawo mana da zaman lafiya.