Kafin Mu Sayi Babur: Wa Zai Gyara Shi, Da Wane Kaya?

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu babur shi ne motar asibiti, shi ne jakin kai buhu kasuwa. Idan ikilisiya ko ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi don sayen babur, yawanci kyau da gudu da farashi muke dubawa. Ba mu cika tambayar yadda za a gyara shi ranar da ya lalace ba. Babur ɗin da ke jingine a zaure yana jiran kaya daga birni ba zai kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare ba.

Sauƙin gyara daga wajen ƙira yake farawa. A shekarar 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, bayan ma'aikatansa sun zaga wasu ƙasashen Asiya sun ga yadda talakawa ke aiki da babur: lodi ya wuce kima, hanya duk ƙura, baƙin mai kuma ba a juye shi a kan lokaci. Sai suka ƙera inji mai sauƙi da zai jure wannan wahala, da matatar iska wadda ake wankewa a mayar. Daga baya kamfanonin Sin da yawa suka kwaikwayi injin. Shi ya sa kayan wani babur sukan shiga wani, ko da suna ya bambanta, kuma makanikai da yawa sun san cikinsa.

Jincheng AX100 da muka saba da shi an kwaikwayo shi ne daga Suzuki AX100. Injinsa mai hayaki ne, yana ƙona mai na 2T tare da fetur. Ba shi da bawul, sassansa kaɗan ne, kwance shi ba wuya. Amma yana shan fetur fiye da Bajaj Boxer na Indiya, wanda injinsa ke da bawul kuma yake bukatar juyen baƙin mai a kai a kai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wannan bambanci ya zama abin lissafi a kowane gida.

Mu duba ƙananan abubuwa ma. Injin da ke a fili, wanda iska ke sanyaya shi, makanike yana kai hannu ga fulogi nan take. A babur roba-roba sai an kwance murafu tukuna, kuma maƙalansu na karyewa. Ƙafa mai wayoyi idan ta lanƙwashe a rami ana iya miƙe ta. Ta zubi idan ta tsage sai sabuwa. Murfin sarƙa yana kare ta daga ƙurar hunturu da taɓon damina, amma mutanenmu sun iya cire shi wai yana ƙara, alhali sau da yawa sarƙar ce ta saki tana neman ɗauri. Kik kuma kada mu rena shi, domin batir na mutuwa.

Sababbin babura masu injekta ba su shan mai sosai, wannan gaskiya ne. Sai dai suna dogara ga batir da famfon mai da 'yar kwamfuta, kuma ba su son fetur mai datti irin wanda akan samu a kwalba a bakin hanya. Kafireto kuwa ana kwance shi a wanke a gindin bishiya. A ganinmu, inda ba makanike mai na'urar gwaji a kusa, mai kafireto ya fi mana.

Kayan gyara bin yawan babura suke yi. Dillalai, har da na babbar kasuwar Nnewi a Jihar Anambra, abin da ake nema suke kawowa. Idan 'yan acaɓar yankinmu duk iri ɗaya suke hawa, to, kayansa suna nan a kasuwar mako. Sai a kula da jabu, musamman fistin da ringi da sarƙa.

Aikin wannan wata: kwamiti ya aiki mutum biyu wurin makaniken da ya fi kusa. Su tambayi kuɗin fulogi, sarƙa da sifoket, takalmin birki da wayar kuloci na kowane babur da muke tunanin saye, su kuma roƙe shi ya nuna musu kayan a shago, ba ya ce zai aiko a kawo ba. A karanta amsar a taro na gaba kafin ma'aji ya fitar da kuɗi.