Kalmomin Faɗa da Suka a Turanci

Malamin ofishin hakimi, in an miƙa masa takardar Turanci ya fassara, yakan ci karo da waɗansu kalmomi waɗanda a kallon farko duk ma'anarsu faɗa ne ko zagi. Nan ne wurin tuntuɓe, gama Turawa sun rarrabe su, kowace da nauyinta.

Ta farko ita ce "reprimand", watau tsawatarwa daga na sama zuwa na ƙasa bisa ƙa'idar aiki. Sau da yawa a rubuce ta ke zuwa, ta shiga fayil ɗin ma'aikaci. Ba zagi ba ce. Malamin da ya ce wa maigidansa "Ranka ya daɗe, an zage ka", alhali wannan kalma ce a takardar, ya hura wutar da ba shi iya kashewa. "Rebuke" kusa ta ke da ita. "Scold" kuwa faɗan uwa ne ga ɗanta, ba a faɗa wa babba an yi masa ita.

Sai na doguwar magana. "Tirade", wadda aka aro daga Faransanci, ita ce mutum ya yi ta zuba cikin fushi ba ya ko tsayawa numfashi. In a gaban taro ne da ɗaga murya, sai a ce "harangue". Akwai kuma "philippic", ta masu ilmi, wadda ta samo suna daga jawaban da Dimostenis na birnin Atina ya yi na sukar Sarki Filib na Makidoniya, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Wadda ta fi su duka haɗari ita ce "rant". Wanda ya yi amfani da ita ya riga ya yanke hukunci cewa mai magana kumfar baki kawai ya ke yi, ba shi da hujja. Saboda haka magatakardan da ya rubuta a rahoton taro cewa wani dattijo "ranted", ya ci mutuncinsa, ya kuma bar aikin rubutu ya hau kujerar alƙali. "Objected" ko "criticised" sun ishe shi.

Har wa yau, "slander" ɓata suna ne da baki, "libel" kuwa a rubuce. Su biyun nan sukan kai mutum gaban shari'a, don haka kada malami ya sa su a wasiƙa sai maigidansa ya tabbatar abin da ya ke nufi ke nan.